Bayan Alwala Na Auna Ta

Lokacin korona ina gadin ƙofa a wani ofis a Lafiya. Suka sayo wata kyamara mai kama da waya, suka damƙa mini. In na saita ta a fuskar mutum, sai ya fito a gilashi da launi: mai zazzaɓi ja, mai lafiya kore. Injiniyan da ya kawo ta ya ce a cikinta akwai ɗan faifai da bai kai farce ba, an yi shi hawa-hawa, cike da ƙananan idanu masu ganin zafin da idon mutum ba ya gani. Sauran bayanin da Turanci ya yi wa manya. Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, ba wanda ya waiwaye ni.

Na ɗauki kaina likita. Har darakta sai ya tsaya na haska shi.

Wata Asabar na sa kyamarar a aljihu na tafi gida Akurba, don matata ta kwana uku tana cewa jikinta ba daɗi. Na same ta a tsakar gida ta gama alwalar azahar, ruwan randa na ɗiga daga haɓarta. Na haska ta. Kore shar.

"Baban yara, kai ni asibiti," ta ce. "A ƙashina nake jin abin."

"Kin fi na'urar Turawa sani ne? Lafiyarki ƙalau. Gajiyar gona ce."

Ta ɗan murmusa. "To, likita. Allah ya ƙara girma." A zaune ta yi sallar.

Lahadi ma bayan alwala na auna ta, don lokacin ne kawai take tashi daga tabarma. Kore na sake gani. Ranar Talata da muka kai ta asibiti a keke napep, ba ta gane ni ba. Nas ta taɓa wuyanta da bayan hannu, hannu kawai, ta dube ni: "Malam, ina kuke tun tuni?" Matata ba ta kai la'asar ba.

Bayan sadakar bakwai na tare injiniyan a bakin get, na faɗa masa. Ya ce ai zafin fata kaɗai na'urar take gani, in an jiƙa fuska sai an jira ta bushe. Wai yana rubuce a takardar cikin kwali.

Na ce, "Wa ka karanta wa?"

Ya ce Allah ya jiƙanta, ya shige mota. Ban bi shi da zagi ba. Shekara ashirin muna tare da matar nan, amma a kwanakin nan ko tafin hannuna ban ɗora a goshinta ba.