Ƙullun Sunan Ɗan Anti Adiza

Wata Alhamis da hantsi, cikin zafin shekarar 2011, ina durƙushe a barandar gidanmu na unguwar Satwa a Dubai, kunnena manne da jikin bokitin roba. Shekarata goma sha ɗaya. A cikin bokitin akwai ƙullun gero na kokon sunan ɗan Anti Adiza, 'yar Zangon Kumasi da muke girki a kicin ɗaya da ita. Washegari ne sunan, mijinta ya gayyato abokan aikinsa daga unguwar Al Quoz, kuma Ummata ce ta ɗauki alkawarin kokon. Sai mura ta kwantar da Umma, ba ta jin ƙamshi, ba ta jin ɗanɗano.

Ban yi boko a Dubai ba, takarduna ba su cika ba. Aikina wanke gero, tsince tsakuwa, tace ƙullu da tsohon mayafi, in na gama in yi 'yar carafke da ƙwallayen dabino. A nan na ga yadda Umma ke gane tsami. Takan ce, "Ƙullu yana magana. In ya yi shiru, ya gama." Tun Laraba nake jin namu yana tsuwa kamar an buɗe lemon kwalba. Ranar nan da na kara kunne, tsit. Kumfar ta kwanta, ruwan sama ya washe.

Na je na faɗa wa Umma, Anti Adiza tana wurin. Anti Adiza ta yi dariya har jaririn ya farka. "Kai, 'yar Kano! A Kumasi kwana biyu cur muke ba shi. Ki bar shi sai gobe, khalas, shi ke nan." Ita kwana take ƙirgawa, ta manta cewa zafin barandar nan ba irin na gida ba ne. In aka bar shi, zai yi tsamin da ba sukarin da zai gyara, Umma ta ji kunya gaban baƙi. In kuma na yi garaje, kokon ya fito salam. Umma ta dube ni daga kan katifa, ta ce a hankali, "Kin ji da kyau?" Na ce na ji. Ta ce in tsiyaye ruwan tsamin, in sa ƙullun a firij.

Da safe na dama shi da citta da kanumfari. Anti Adiza ta kurɓa, ta sake kurɓa, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Yalla, maza ku kawo kofuna!" Wani dattijo ɗan garin Tamale ya sha kofi uku, ya ce tun da ya bar gida bai sha irinsa ba. Aka nuna masa ni. Na ɓuya a bayan ƙofa, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Yanzu ina Kano da 'ya'ya uku, sai da na girma na koyi rubutu a ajin manya. Yarana garin koko na leda suka sani, a zuba ruwan zafi a sha. Ba na ganin laifinsu. Ni dai na ji daɗi da na taso a lokacin da ake jiran abinci.