Dogon Hutun Malama Dinah

Malama Dinah ta fara koyarwa a wata firamare da ke bayan Manga a shekarar 2001, tana goye da ɗiyarta Joyce. Aji uku aka ba ta. Kafin shekara ta zagayo, malamin aji huɗu ya samu aikin ɗan sanda ya tafi, sai hedimasta, Malam Zakariyya, ya haɗa mata azuzuwan biyu a ɗaki ɗaya, ya ce na ɗan lokaci ne. Ba a sake raba su ba.

Daga Zuru take fitowa da sassafe, wata rana a bayan kabu-kabu, wata rana da ƙafa in albashi ya yi jinkiri. Yawancin yaran da yaren C'lela suke zuwa a bakinsu, 'ya'yan rugar da ke gefen rafi kuma da Fillanci, sai ta bi da su ta Hausa kafin ta kai su Turanci. In damina ta kankama rabin aji kan ɓace, ta riƙa bin gonaki tana roƙon iyaye. Da la'asar ta dawo da littattafan yara a ka kamar mai tallan itace, ta zauna a tsakar gida tana ba da maki har rana ta faɗi.

Mijinta Dominic soja ne, kamar mahaifinsa da yayyensa. Joyce ba ta fara rarrafe ba aka mayar da shi barikin Fatakwal. Ya so Dinah ta bi shi, amma albashin kofur shi kaɗai ba zai riƙe su ba, ga kuma mahaifiyarsa, Mama Leah, da ciwon gwiwa, ba mai kula da ita. Sai suka shirya cewa shi zai riƙa zuwa Kirsimeti, ita kuma duk dogon hutun Agusta ta ɗauki Joyce su je wurinsa.

"Ku malamai ai kun more," ya ce mata ranar da zai tafi. "Kuna kwance a gida ana biyanku."

Ta yi dariya, don a lokacin ita ma haka ta ɗauka.

Hutun farko ya zo daidai da maimai, wato noma na biyu. Dawar gonar gidan ta tashi, ciyawa ta tashi tare da ita, kuma wannan dawar ce ke ciyar da su duk watan da albashi ya maƙale. Mama Leah ba ta ce mata kada ta tafi ba. Ta dai ɗauki fartanya ta nufi gona tana ɗingishi. Dinah ta kwance kayan da ta ɗaure, ta bi ta.

Shekara ta gaba aka sanar da cewa malamin da ba shi da takardar NCE ya nemo ta, in yana son aikinsa ya ɗore. Karatun kuwa a lokacin hutu ake yin sa. Haka Agusta ya riƙa zuwa yana wucewa, Dinah na kwana a tabarma tare da wasu malamai mata a ɗakin kwanan ɗaliban kwalejin horar da malamai, ƙarshen mako ta ruga gida ta duba gona. A hanya in ta ga motar kudu an labta mata buhunan gyaɗa, sai ta tsaya tana kallonta har ta sha kwana.

Da wayar salula ta iso Zuru, ta riƙa zuwa bakin kasuwa ranar Lahadi bayan sujada, wurin wata mai lema da ke ba da hayar waya. Can take jin muryarsa, da ƙarar ruwan sama a kan kwanon bariki. Ya ba ta labarin ɗakin da aka ba shi, da labulen da ya saya, da wani kifi busasshe da ya ce sai ta ɗanɗana. Wata Lahadi muryarsa ta canza.

"Maman Joyce, matan abokaina duk sun zo sun koma. Masu sayar da tumatir ma sun samu lokaci. Ke da kike da hutu mi ya hana ki?"

"Wane hutu, Baban Joyce? Tun da munka rufe makaranta ban yi barcin rana ba."

"To ki bar aikin mana. Nawa ne ma suke ba ki?"

Mai lema na kallonta. Ta san abin da ake ba ta bai kai wahalar ba, ta sha faɗin haka a ɗakin malamai. Amma ta tuna wata yarinya, Hamdiyya, da ta zo daga ruga ba ta iya riƙe fensir ba, ga shi yanzu ita ke karanta wa babanta rubutun jikin kwalbar maganin shanu.

"Ka ƙara haƙuri," ta ce. "Saura kaɗan in gama."

Ta koma gida ta shiga bayan rumbu ta yi kukanta, sannan ta fito ta ɗora tuwo.

A 2008 ta karɓi takardarta. Matan zumunta na cocinsu suka yi mata alkawarin gayya a gona, ƙanwar Dominic ta yarda ta zo ta zauna da Mama Leah. Joyce, wadda ta riga ta shiga firamare, ta gaya wa duk unguwa cewa za ta je ganin jirgin ruwa. Sai malamai suka shiga yajin aiki a kan albashi. Makarantu suka zauna a rufe makonni, da aka janye kuma Malam Zakariyya ya tara su ya ce za a ci gaba da karatu cikin Agusta, a cike abin da aka rasa.

Tana cikin neman yadda za ta gaya wa Dominic, sai ga shi da kansa a ƙofar gida da jakarsa a kafaɗa. An sa sunansa cikin masu tafiya aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan, an ba shi 'yan kwanaki ya yi sallama da gida.

Washegari ta ce za ta nemi izini ta zauna da shi. Ya tambaya wa zai riƙe yaran ajin, ta ce ba kowa. Ya ɗan yi tunani, ya sa takalmansa ya ce su tafi makarantar tare.

A bencin baya ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yara na waiwayensa suna ƙus-ƙus. Ya ga tana ba 'yan aji huɗu lissafi a rabin allo, tana juyowa ta ja 'yan aji uku karatu, tana raba faɗa, tana goge wa wani majina da gefen zanenta. Da hadari ya sauko, ruwa ya fara zuba ta rufi, yaran suka ja bencuna gefe ɗaya ba tare da an ce musu komai ba, ita kuma ta ɗaga murya sama da ƙarar kwano. Ana tashi muryarta ta dishe.

A hanyar gida ya karɓi littattafan ya ɗora a kansa. Da suka yi nisa ya tambaye ta.

"Kullum haka ne?"

"Yau ma da sauƙi, suna jin tsoronka."

Sauran kwanakin duk a makarantar ya yi su. Ya ari tsani ya hau rufi ya toshe ramuka da kwalta, ya gyara ƙafafun bencuna, lokacin tara ya koya wa yara fareti. Ita kuwa takan tsinci kanta ta tsaya da alli a hannu tana kallonsa ta taga.

Ranar tafiyarsa ta faɗo ranar jarrabawa, ba ta samu raka shi tasha ba. Da hantsi ya sa mai kabu-kabu ya biyo da shi ta gaban makarantar. Ta ji hon, ta fito bakin ƙofa, ya ɗaga mata hularsa, yara suka cika tagogi suna ihun sai ka dawo. Ta tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace a bayan dutse, sannan ta koma ta ce kowa ya zauna, a ci gaba daga tambaya ta gaba.

Dominic ya dawo lafiya bayan shekara, ya rame, ya yi baƙi, da igiyar muƙamin saje a hannun rigarsa. Aka tura shi Kaduna, kusa da gida fiye da Fatakwal. A watan ne ita ma aka yi mata canjin wurin aiki zuwa garin Mahuta, can gaba da Zuru, inda aka ce ana ƙarancin malamai.