Kasona na Gonar Baba a Bayan Gwiwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da wani abokin aikina, a motarsa da ba ta tashi sai an tura. Ƙauyenmu na bayan Gwiwa muka nufa. Rabona da taka gonarmu ta gado shekara bakwai ke nan, kuma Yayana ne ya matsa a waya cewa lallai in zo in ga kasona da idona.

A Roni muka tsaya shan koko. Ƙosai ya tsuke ƙwarai, har abokina ya tambayi mai suyar ko waken ne ya yi rama. Daga nan hanya ta ratsa tsakanin duwatsu, gero ya fid da kai dama da hagu. Ni kuwa sai zuba masa bayani nake a kan noman zamani, kamar ni na ƙirƙiro shi.

Daga Gwiwa babur muka hau. Da Baba ya rasu aka raba gonar biyu. Nawa kason na ba wani mai tarakta haya, har na yarda ya sare itatuwan gawo don suna tare masa hanya. Yaya ya riƙe nasa.

Ba sai an nuna mini iyaka ba. A ɓangaren Yaya ƙasa baƙa ce, ƙafa na nutsewa. Da rani a nan yake ɗaure shanunsa, bayan 'yan kwanaki ya matsar da turaku gaba, kara ma ba ya kwashewa duka. Makiyayan da ke maƙwabtaka da shi yakan bar garkensu ya kwana a ciki. Wani yanki ya bar shi ya huta bana, ciyawa har ƙugu.

Nawa rairayi ne fari. Geron bai kai cinyata ba, ciyawar ƙuduji ta shaƙe shi. Ruwa ya tsaga kwari daidai gindin babban gawon da Baba ke shimfiɗa buzu ya yi azahar. Kututture kawai ya rage.

"Mai hayar ya ce daga bana ya gama," in ji Yaya. "Wai gonar ta mutu."

Abokina ya kau da kai. Na kasa ɗaga ido.

"Yaya, ta mutu ɗin?"

"Yunwa ce kawai. Bar mini ita da shanu, rani biyar ko shida, in Allah ya yarda."

Da faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi. Matarsa ta kawo fura da nono mai kauri, da ƙyar na kai ludayi uku.

Mun iso Kazaure dab da magariba. Kafin mu taho na damƙa wa Yaya gonar, na kuma yi alkawarin kawo karsana biyu su shiga garken. Abin da na koyo shi ne ƙasa ma ciyar da ita ake yi. Baba ya yi shekara arba'in yana ciyar da tasa, ni na cinye ta a bakwai, ina zaune a ofis.