Kunun da Na Zuba wa Kwamfutar Ƙungiya

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka sauke kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar 'yan albasa a Aliero. Na kai wa Baba abincin rana, na tarar da jama'a cike da ƙofa, ana fito da wani farin akwati daga kwali, da wata talabijin mai ƙusumbi. Baba ne akawun ofishin tun kafin a haife ni. Shi ke buga wasiƙu da takardun lodi da tafireta, cikin zafin da ke sa takarda ta manne wa hannu, kuma bai taɓa samun fanka ba. Kwamfutar kuwa ranar da ta zo aka kafa mata fanka, aka sayo mata janareto, aka lulluɓe ta da leshi, aka ce kowa ya tuɓe takalmi kafin ya shiga.

Tare da ita aka kawo wani saurayi daga Birnin Kebbi da zai riƙa aiki da ita, wanda ba ya kiran Baba da komai sai "tsoho". Aka fitar da teburin Baba baranda, aikinsa ya koma sa wa buhuna alama da shuni. A makaranta 'yan ajinmu suka tsiri waƙa wai inji ya kori ubana, har na daina shiga gaɗa. Da yamma ina yanka lawashi a tsakar gida, ina jin kamar wayoyinta nake yankawa. Na tsane ta kamar yadda ake tsanar mutum.

Wata Juma'a kowa ya tafi masallaci, aka bar ƙofar a kare ba a kulle ba. Na shiga da takalmina, na ɗaga leshin, na tuttula kunun tsamiyar Baba cikin hujojin bayan akwatin. Da suka dawo aka tada janareto, kwamfutar ta yi ƙauri, ta mutu.

A gaban 'yan kasuwa da direbobi shugaban ƙungiya ya nuna Baba da yatsa, ya ce, "Hassada ce, mun san wanda ka yinta." A gida na durƙusa na faɗa wa Baba gaskiya, ina jiran duka. Ya dube ni ya ce, "Kada ki hwaɗa ma kowa, ɗiyata. Ni sunka ce, bari shi tsaya a kaina." Washegari ya miƙa makulli, ya koma noman albasa a fadamar ƙaninsa a Dangamaji. Ba a yi wata ɗaya ba aka kawo wata sabuwa, wadda ta fi ta farko sauri.

Yau a Jega nake aiki, a ofishin wata makaranta, kuma gaban kwamfuta nake wuni. Ta zama siririya, ba ƙusumbi, ba mai tuɓe mata takalmi. Baba ya rasu, amma har yanzu akwai tsofaffi a Aliero da in an ambace shi sai su ce, akawun nan da ya kashe inji don baƙin ciki. Ban taɓa son kwamfuta ba. Sai dai na girma na san ba ita ta ɓata masa suna ba.