Gayya a Baƙin Allo

A wurin aikinmu akwai wata al'ada da muke kira zaman jinya. Ɗakin gwajin jini ne a Karu, ni kuma ni ne mai kula da kwamfutoci. Sakamakon duk wanda ya taɓa miƙa hannu aka ɗebi jininsa a wurin nan yana cikin rumbun bayanai guda, a kan wata tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar ajiya, da ke kusurwar ofishina tana nishi. In za a ɗauki bakof, wato kwafin ajiya na rumbun, ko a mayar da shi kan wani inji, dokar Oga, mai wurin, ita ce wanda ya danna ba ya barin kujera sai abin ya kammala. Ka zauna ka zuba wa baƙin allo ido, shi kuma ko kallonka ba ya yi.

Oga mutumin Gbagyi ne, a Karu aka haife shi, ya yi Hausarsa a kasuwa. Mutumin kirki, amma tun da wuta ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar mayarwa ya kwana biyu ba ya cin abinci, ya ɗauki karan tsana ya ɗora wa gaggawa. Karin maganar da ya fi riƙewa kenan: sauri ya haifi nawa.

Zaman jinyar nan ya cinye mini Asabar ba adadi. Ya cinye bikin ba da kyauta na makarantar 'yata, ya cinye ranar da aka cire mata haƙori tana ta kirana. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata. To sai ga shi an sayo sabuwar saba, Oga ya sa ranar ƙaura da rumbun zuwa kanta: Asabar. Ranar kuwa ita ce walimar saukar Alƙur'anin Mamana a Tungan Maje, inda muke zaune, bayan la'asar. Wanda ya san Abuja ya san Karu da Tungan Maje gabas da yamma ne, sai ka keta garin kaf. Ƙaura irin wannan kuma, yadda muka saba yin ta, takan kai mu magariba.

Da na faɗa a gida, yarinyar ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ba komai, Baba, Umma za ta ɗaukar maka a waya." Wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Haushin nan ne ya sa na zauna na karanta bayanin manhajar bakof ɗin tun daga sama, abin da kowa ke tsallakewa. Ashe yadda muka gaje shi ne a zuba rumbun duka cikin fayil ɗaya, ma'aikaci ɗaya ya kwashe tebur bayan tebur, ya sake jera su haka a can. Alhali sabuwar sabar hannaye takwas gare ta a ciki, bakwai na zaune suna hamma. Sai ga wasu 'yan haruffa a tsakiyar shafi. In ka ƙara -Fd a umarnin, kowane tebur zai samu fayil nasa cikin jaka guda. In ka ƙara -j da lamba, ma'aikata masu wannan yawa za su kama aikin lokaci ɗaya, a ɗauka da kuma a mayarwa. Na tashi tsaye ni kaɗai a ofis. Gayya ce! Mu da muka taso a ƙauye muna ganin gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama an gama ta kafin rana ta take, mu ne muka bar inji yana noma shi kaɗai.

Na gwada da ɗan ƙaramin kwafi, ya tafi sumul. Ban iya barci sosai ba don ɗoki.

Ranar Asabar na riga mai shara zuwa. Oga ya iso da ledar ƙosai da jarida, shirin wuni sosai. Na rubuta umarnin, na ba tsohuwar saba ma'aikata daidai ƙarfinta don kada in kashe tsohuwa, na yi bismilla na danna. A ɗaya tagar allon na buɗe abin da ke nuna motsin injin. Layukan da kullum ɗaya ne ke rawa, yau duk suka miƙe tare. Fankar sabar ta ɗauki wani kuka da ban taɓa ji ba. Fayiloli suna ta faɗowa cikin jaka, ni kuma ina ta zagaya kujera kamar wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo.

Kafin Oga ya gama jaridarsa ɗauka ta ƙare. Na tura jakar kan sabuwar saba, na saki duka takwas ɗin. Nan ne ma abin ya fi daɗi, don wurin mayarwa ne da can muke tsufa. Ana kiran azahar a masallacin bayanmu allon ya dawo ya tsaya shiru, babu saƙon kuskure ko ɗaya.

"Oga, an gama!"

Ya sauke gilashinsa. "An gama me?"

"Duka. Ɗauka da mayarwa."

"No, no, no, my friend. Abu da yake cin wuni, ka ce ya gama kafin ƙosai ya huce? Ya bar rabi a hanya. Ka zauna, mu yi shi yadda muka sani."

Na dubi agogo. Ban taɓa kawo wa raina cewa saurin ne zai zame mini laifi ba. Yadda muka sani ɗin nan yana nufin magariba. Na nuna masa yawan layukan kowane tebur a tsohuwa da sabuwa sun yi daidai, ya ce lamba ba ta cika masa ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Oga, gani ya kori ji. Ka faɗi duk wanda kake so a nemo."

Ya ajiye jaridar. Can ya faɗi sunan mahaifiyarsa, wadda ta rasu da daɗewa, ita ce kuma aka fara yi wa gwaji ranar da ya buɗe wurin. Na rubuta. Sai ga ta, da sakamakonta, da ranar. Ya matso da kujera ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa na nemo matar da ta zo jiya da yamma. Ita ma ga ta. Ta farko da ta ƙarshe.

"Yarinya naka," ya ce, bai ɗago ba, "yau ne zai yi karatu, ko? Me kake yi a nan? Go!"

Ban san yadda na wuce Nyanya ba. Hanyar Kubwa a buɗe, na sauke gilashin mota ina rera abin da ni ma ban san kansa ba. Na isa Tungan Maje masu rumfa ba su ma gama kafa ƙarafa ba, mata na ta fama da tukwane a bayan gida. Na tuɓe agogo na shiga jidar kujeru.

Ina ɗauke da su a ka Mamana ta fito, lalle a hannu, ba ta ko sa hijabin walimar ba. Ta tsaya turus. Ta dubi rana, ta dube ni. Sannan ta matso ta rage murya don kada mutane su ji.

"Baba, korar ka aka yi daga aiki?"

Na yi dariya har kujerun suka kusa zubewa, amma idona ya kawo ruwa. Na ce mata a'a, gayya na kira. Ba ta gane ba, ba ta kuma damu ba. Ta zare kujera ɗaya daga kaina, ta kai ta sahun gaba daidai gaban inda za ta zauna da allonta, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure a jiki don kada wani ya zauna mini a kai.