Simintin Ƙugun Kaka

A layin asibitin ƙashi wata tsohuwa tana tsaye, ga benci amma ta ƙi zama. Siririya ce, mayafinta ya koɗe, hannunta na dafe da bango. Kafin ta ɗaga ƙafar hagu sai ta cije leɓe.

Ina jin nas tana yi wa 'yarta bayani. An sa wa tsohuwar ƙarfe a ƙugu, yanzu simintin likita da ya haɗa shi da ƙashi ya fara tsagewa. Ba faɗuwa ta yi ba, nauyin yau da gobe ne. "Kada ta ƙara ɗaukar komai," in ji nas.

'Yar na gyaɗa kai, sai wayarta ta yi ƙara.

"Mama, riƙe min shi."

Yaro ne ɓulɓul, ya isa taka ƙafarsa. Wallahi ji nake kamar in fizge wayar nan in maka ta da ƙasa! Tsohuwar kuwa ta sunkuya, ta saɓa shi a baya, ta ɗaure zani. Ina zaton tun ɗinki bai warke ba aka mayar da ita mai reno.

"Yi shiru, angona," take cewa, tana jijjiga shi a kan ƙugun nan.