Hular da na gama a kan lokaci

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandaren 'yan mata a nan Daura, muna da wata malamar saƙa da kowa ke son shiga ranta. Dalili kuwa, duk shekara takan zaɓi yarinya ɗaya ta riƙa zuwa gidanta ranar Asabar tana koya mata keken saƙa. Ni kam na riga na ba kaina wannan kujerar, don a ajin babu mai hannuna a kwarashi.

Sai ta ba mu aikin hular jariri da safa, a kawo bayan hutun tsakiyar zango. Na zauna na zuba basira, har da 'yar fulawa a gefe. Ƙawata kuwa, 'yar Sandamu, ta dawo da rabin hula, safa ko ƙafa ɗaya babu. Na ce mata kawai ta ce an yi musu rasuwa, ai haka kowa ke yi. Ta ce in rufa mata asiri, Malama fa ba a faɗa mata rasuwa ta zauna, mayafi za ta ɗauka ta hau mashin ta tafi gaisuwa, wa za ta nuna mata a matsayin mamaci? Na ce to ta shirya shan bulala. A raina har da ɗan daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da aka zo kanta, ta miƙe tana murza bakin hijabi.

"Malama, ban gama ba. Lafiyata ƙalau, kuma ba abin da ya faru a gida. Wajen rage idon saƙa ne ya gagare ni, na warware ya fi a ƙirga, kunya ta hana ni tambaya."

Na gyara zama ina jiran a ce ta durƙusa. Malama ta juya rabin hular nan a hannu, ta ce ta same ta bayan an tashi. Tawa kuwa ta duba, ta ce ta yi kyau, ta ba ni maki mafi yawa, ta aje ta a kan sauran. Shi ke nan fa.

Ta taga na riƙa leƙensu, kai da kai, Malama na riƙe da yatsunta tana nuna mata. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Da zango ya ƙare, ƙawata aka zaɓa. Na kasa haƙuri na je na tambayi laifina. Malama ta yi murmushi ta ce, "Ke ba ki taɓa nuna mini inda kika kasa ba. Ta ina zan fara koya miki?"

Na yi sati ina gaba da baiwar Allah, ita ko tana ta ba ni ƙuli-ƙulin da aka aiko mata daga gida. Ina karɓa ina ci ina harararta.

Yau shagon saƙa gare ta, duk suwaitar da 'ya'yana ke sawa da sanyi daga hannunta take fitowa, kyauta. Har yanzu in na shafa saƙar sai na tuna maganar Malama. Shi ya sa da 'yata ta roƙe ni in ce wa malaminsu zazzaɓi ne ya hana ta aikin gida, na ce ta ɗauki littafin ta je ta nuna masa daidai inda ta maƙale.

Hulata mai fulawa tana nan a ƙasan akwati. Keken saƙa kuwa har yau ban san ta inda ake zura masa zare ba.